Kwaɗin da Suka Tare wa Nelda Hanya

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunukan bayan garinmu Cold Fork da jif ya san Nelda Haskew, in bai san fuskarta ba to ya san hannunta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ga murya irin ta mai kiran shanu daga nesa. Ubanta a injin tsaga katako ya yi aiki duk rayuwarsa, ita kuma ta yi shekara da shekaru tana dafa wa yaran firamare abinci, har yau akwai ƙattin maza masu gemu a garin nan da ke gyara tsayuwa in sun ji tarinta. Tuƙi kam ba ta iya shi can ba, in aka ce ta yi ribas sai ta yi ta zagin madubi. Gwanintarta ba a cikin mota take ba, a gabanta take.

Inda hanya ta koma duwatsu zalla, direba ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin tayarsa. Bonet, murfin injin mota, ya tare shi, sama kawai yake kallo. Sai wani ya sauka ya tsaya a gaba, yana tafiya da baya yana nuni: yatsa dama, yatsa hagu, yafito a hankali, in ya dunƙule hannu a tsaya cak. Jagora muke ce masa. Dokar guda ce tak, in kana da jagora to ba ka da ido. Ba ka kallon ƙasa, ba ka kallon rami, ba ka sauraron 'yan ba da shawara a gefe, hannun kawai za ka bi. Nelda ta yi wa rabin garin nan jagora ba ta taɓa kifar da kowa ba. In mota ta haye lafiya ba ta cewa komai, sai ta kakkaɓe tafukanta kamar wadda ta gama kwaɓa fulawa, ta juya ta ba ka baya.

A haka ta samu miji. Akwai wani tsanin dutse can sama da ake kira Haƙorin Tsohuwa, fari ne, shi kaɗai a tsaye. Tana budurwa ta iske wani dogon saurayi mai gyaran turakun lantarki, Orrin, ya maƙale a kansa, taya ɗaya na lilo a iska, maza biyar sun kewaye shi kowa na faɗar tasa. Ta ratsa su ta ce duk su yi mata shiru. Orrin ya leƙo ta gefen gilashi, gumi ya wanke masa fuska.

Ya ce, "Wace 'yar sanda ce kuma wannan?"

Ta ce, "Wadda za ta hana uwarka kuka yau. Rufe bakin nan ka kalli hannuna."

Ya kalla, ya haye. Daga ranar sunan ya bi ta, bai ƙara kiranta da wani abu ba sai 'Yar Sanda, in kuma maganar ta gaske ce ya ce Nelda. Ita kuma tana ce masa Tsoho tun ba shi da furfura ko ɗaya. Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Corliss, suka tsufa tare da wata koriyar jif mai lotsattsen gefe da suke kira Akuya. Kowace shekara in dusar ƙanƙara ta narke, su ne kan gaba wajen share hanya, a yanke itatuwan da suka faɗi, a gyara magudanar ruwa, a ci burodi da nama a kan bonet.

Kafin a kai Haƙorin Tsohuwa sai an ratsa gindin Fadamar Kettle. Ciyawa ce mai laushi, ruwan ƙanƙara na kwanciya a cikinta har tsakiyar bazara, hanya kuwa siririya ce ta bi ta ƙasanta. Nelda ta ɗauki fadamar nan kamar tsakar ɗakinta. Wata shekara wani ɗan birni ya shigo da sabuwar ƙatuwar mota, ya bar hanya ya faɗa cikin ciyawa yana zagaye yana watsa taɓo, abokansa na tafi. Ta je ta zare makullin ta jefa cikin rigarta, ta miƙa masa shebur. Bai ga makullinsa ba sai da ya cike ramukan da ya haƙa. Orrin ya yi ta ba da labarin nan a kowane biki har mutane suka haddace.

To, ciwon mantuwa ba ya sallama in zai shigo gida. Orrin ya fara da ajiye makulli a cikin firji, ya koma kiran kare da sunan wansa da ya rasu. Wata safiya Orrin ya cinye fankensa da zuma, ya goge baki, ya dubi matar da ya kwana da ita shekara arba'in da ɗoriya ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Matar gidan ta fita ne?" Nelda ta ce masa e, yanzu za ta dawo. Ta shiga banɗaki ta cusa tawul a baki don kada ya ji. Daga nan ta zama baiwar Allah a gidanta, mai wanki, mai ba da magani, wadda ake yi wa godiya cikin ladabi. Ta gaya mini da bakinta, da zaginta yake yi da ya fi mata sauƙi.

A bazarar shekarar ta ɗauke shi zuwa saman tsauni, ba don komai ba sai don ya sha iska. A gindin Haƙori ya ce shi zai tuƙa. Ta yi shahada ta bar masa sitiyari, tunda ƙaramar giya ce, tafiyar ba ta wuce ta kunkuru. Ta tsaya a gaba ta ɗaga hannu. Ya bi, dutse bayan dutse, ba kuskure ko ɗaya. Da Akuya ta haye ta kakkaɓe tafukanta, sai ta ji daga bayanta an ce, "'Yar Sanda, kin tsufa, amma hannun nan bai tsufa ba." Ta juyo. Idonsa ne na da, shi ne a ciki. Ya ce, "Nelda, me ya same ki kika rame haka?" Yinin nan cur ya san ta. Ya tambayi lafiyar Corliss, ya yi mata tsiya kan gishirin da ta cika a nama, ya riƙe hannunta. Suna saukowa kwalta ya koma baƙo.

Ta ce ba komai, an samu magani. In sau ɗaya ne a shekara ma ta yarda, za ta yi haƙurin sauran kwanakin.

Da ƙanƙara ta sake narkewa sai muka iske ƙofar ƙarfe a bakin hanya, an ɗaure da sarƙa, an girke ƙaton dutse a gefe don kada a zagaya. A jikin allo ga hoton kwaɗo. Wasu masu kare halittu sun kai ƙara, kotu ta ce ɗan kwaɗon tudun nan ya kusa ƙarewa a duniya, hukumar daji ta rufe duk hanyar da ta ratsa fadama sai an ga abin da hali ya yi. Aka yi taro a zauren gari, aka yi ta kumfar baki. Hollis Tackett, abokin Orrin tun na yarinta, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ni dai tun ina da gashi nake hawa dutsen nan, kwaɗo bai taɓa kai ƙarata ba sai da ya samu lauya." Aka yi dariya, aka watse, ƙofa na nan a rufe.

Ni ban ga laifin kwaɗo ba, kuma duk mai gaskiya a cikinmu ya san muna yara kukansu ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi a Kettle, yanzu kuwa tsit. Mun san irin motocin da ke zuwa daga birni a ƙarshen mako, mun ga yadda sawun taya ke zuƙe ruwan fadama. Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka yi ɓarnar sun juya sun tafi wani dutsen, aka bar Nelda da ƙofa.

Ta je ofishin daji wurin Yesenia Barragan, 'yar maƙwabtanta, wadda ta ci abincin hannunta a firamare, yanzu ita ke lura da ɓangaren.

Ta ce, "Yini ɗaya nake roƙo. Mota ɗaya. Kin san ni, ko ciyawa ɗaya ba zan kwantar ba."

"Anti Nelda, wallahi ba a hannuna yake ba. In na buɗe miki yau, gobe duk garin nan na bakin ƙofa, kowa da nasa dalilin."

"Kowa da mijin da ya manta shi?"

Yesenia ta sunkuyar da kai. Ta ce za ta nemo doki a kai shi, ko a samu majiya ƙarfi su ɗauke shi a kujera. Nelda ta ce ba kallon dutse ya dawo mata da shi ba, sai yana riƙe da sitiyari tana gabansa. Sai yarinyar ta ce, "Anti, ko da na so, hanyar ba hanya ba ce yanzu. Tunda aka rufe, ruwa ya kwanta a sawun tayoyin, a nan suke zuba ƙwai. Duk wannan gefen tsaunin, a Kettle kaɗai suka rage."

Nelda ta ce, "A sawun tayarmu? Mu muka gina musu gida ke nan, suka kore mu." Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta rufe ƙofar ba.

Ba ta zauna ba. Akwai ramin da ake ɗibar tsakuwa a bayan gari, Hollis ya kawo tarakta ya jera mata duwatsu, ya yi iya yinsa su yi kama da Haƙori. Aka zaunar da Orrin a Akuya, Nelda ta tsaya a gaba ta ɗaga hannu tana yafito. Orrin ya dube ta, ya dubi Hollis, ya rage murya don kada ta ji kunya ya ce, "Malam, matar can lafiyarta ƙalau kuwa? Ƙuda take kora?" Hollis ya juya ya koma kan taraktarsa. Nelda ta gwada wasu hanyoyin da ba a rufe ba, can wajen kudu, duk a banza. Mutumin nata yana wuri ɗaya ne a duniya, kuma an sa wa wurin sarƙa.

Bazara ta wuce, wata ta shigo. Orrin ya ƙara nisa. Ya daina sanin cokali, wani lokaci ya tsaya a tsakar gida yana kuka bai san dalili ba. Rannan aka tsince shi a gefen babban titi da silifas, ya ɗaura tsohuwar ɗamararsa ta aiki yana neman turken da zai hau, manyan motoci na wuce shi da gudu. Corliss, wadda ke aikin jinya a birni can gangare, ta taho a ranar. Ta zaunar da uwarta a kicin.

"Mama, an samu gado a gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Ran Litinin ta sama."

"Yana da gado a nan."

"Kin kalli madubi kuwa? Ke za ki riga shi faɗuwa. In mota ta kaɗe shi fa?"

Nelda ta san gaskiya ce.

Corliss ta sassauta murya ta ce, "Mama, bai san ki ba. Ko ke ko wata, duk ɗaya ne a wurin Baba."

"Ya san ni. A can sama ya san ni."

"Mama."

"Na ji. Litinin ɗin. Ai ban ce a'a ba."

Ta yarda, amma zuciyarta ta ƙi. Ta san in ya shiga gidan nan ba zai ƙara riƙe sitiyari ba har abada, kuma za ta ƙare rayuwarta tana kai ziyara ga wani dattijo mai ladabi da ke ce mata baiwar Allah. Ba warkewa take nema ba, ta daɗe da cire rai. So take ya dube ta sau ɗaya ya kira sunanta, ta gaya masa inda za a kai shi, ta nemi gafararsa yana gane mai magana. Ta san hukuncin karya ƙofa, za a iya ƙwace Akuya a gurfanar da ita gaban alƙali, sunan Yesenia ma ya ɓaci. Amma wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ran Asabar da sassafe ta cika fulas da kofi, ta naɗe burodi da nama, ta sa masa tsohuwar hularsa mai faɗin baki. A bakin ƙofa ba ta taɓa sarƙar ba. Ta jawo igiyar ƙarfen da ke gaban Akuya, wadda muke ciro mota da ita in ta kafe, ta naɗa wa dutsen da aka girke a gefe, ta kunna injin. Dutsen ya yi gurnani ya matsa. Ita da ta yi shekaru tana tsine wa masu barin hanya, yau ga ta tana cusa mota ta gefen turke, hoton kwaɗo na kallonta. Kunya ta kama ta har wuya, amma ba ta tsaya ba.

Da suka bar hanyar tsakuwa ta tsaya don rage iskar tayoyi, yadda za su kama dutse. Kafin ta sunkuya sai ta ga Orrin ya durƙusa a tayar gaba, ya cire murfin bakin iska, ya danna da farcensa, ya karkata kai yana sauraron iskar. Mutumin da jiya ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Ta kau da kai don kada ta yi masa magana ta ɓata abin. Ya gama duka huɗun, ya zagaya ya hau kujerar direba ba wanda ya ce masa.

A duwatsun farko ta sauka ta tsaya a gaba. Ta ɗaga hannu. Yatsa hagu, tayar ta juya hagu. Yafito, Akuya ta taho tana nishi. Ta dunƙule, ya tsaya cak. Idonsa bai nuna ya san ta ba, amma yana kan hannunta bai kauce ba. Can sai ta ji yana fito, wata tsohuwar waƙar coci da yake yi in yana kan turke. Ta ce a ranta, yana zuwa, yana hanya, a Haƙori zai iso. Hanyar ta lalace, rassa sun rufe ta, itatuwa sun matse ta dama da hagu, don haka ba ta koma cikin mota ba. Ta ci gaba da tafiya da baya, gwiwoyinta na ƙara, har rana ta ɗaga.

Da baya ta shiga Fadamar Kettle, shi ya sa ba ta gani ba. Sai da ta ji ƙasa ta yi laushi, ta ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin takalminta, sannan ta duba. Sawun tayoyin nan biyu sun zama dogayen kwatami cike da ruwa mai ɗumi, talibambam baƙi ƙirin a ciki. Tsakaninsu da gefensu kuwa ƙasar ce gaba ɗaya ke motsi. 'Ya'yan kwaɗi ne da suka fito daga ruwa, kowane bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wasu da guntun wutsiyarsu, suna tsalle a kan juna ba kuka ba ƙara. Babu inda za a ajiye tafin ƙafa, balle taya. Ta ɗaga takalminta ta ga abin da ta yi.

Ta waiga. Ga Haƙorin Tsohuwa can ƙetaren fadama, fari tas a cikin rana, kusa har tana ganin tabon tayoyin da ke jikinsa. Ta tuna maganar Yesenia, a Kettle kaɗai suka rage. Ta san abin da tayoyi huɗu da aka rage wa iska za su yi a cikin kwatamin nan. Ta sani sarai, kada wani ya ce ruɗewa ta yi. Ta auna mijinta da kwaɗin duniya, ta zaɓi mijinta. Ta ce Allah Ya yafe mata, ta juyo, ta ɗaga hannu biyu ta yafito shi.

Akuya ba ta motsa ba.

Ta sake yafitowa, da ƙarfi. Sai ta ga idonsa ba ya kan hannunta. Ya leƙo ta gefen gilashi yana kallon ƙasa. Tunda suke, bai taɓa karya mata dokar nan ba. Injin ya mutu. Orrin ya sauko a hankali yana dafa bonet, yana zaɓar inda zai taka.

Ya ce, "Baiwar Allah, tsaya inda kike. Kada ki ɗaga ƙafa."

Ya durƙusa a cikin taɓo, ya cire hularsa, ya shiga tattara su da gefen hannu yana zubawa a ciki. In ta ɗan cika sai ya miƙa hannu ya juye a cikin ciyawa.

"Orrin, don girman Allah, koma mota. Ga Haƙori can, ka gan shi? Yanzu za mu isa. Kalli hannuna."

Bai ɗago ba.

"Kalli hannuna na ce, Tsoho!" Muryar ta fashe mata. Tunda ciwon ya kama shi ba ta taɓa yi masa tsawa ba sai ranar. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta ce masa jibi za a tafi da shi, ta ce saura ɗan taƙi kaɗan, kwaɗin banza ne, wasu za su haifu. Hawaye na shiga mata baki tana magana.

Ya bari ta gama. Sannan ya dube ta da tausayi ya ce, "Ke baƙuwa ce a nan, ko? Na ga alama. To ki gode wa Allah matata ba ta kusa. Da ta ga kina kiran mota cikin waɗannan, da tuni ta ƙwace makulli ta miƙa miki shebur. Nelda ba ta wasa da fadamar nan."

Sunan ya fito daga bakinsa cikakke, yadda yake faɗarsa in maganar ta gaske ce.

Ta ce, "Ina take, matar taka?"

Ya nuna Haƙori da haɓa. "Tana can sama. Kullum ita ke riga ni. 'Yar Sanda nake ce mata, in kin ji muryarta za ki gane dalili."

"Ni ce, Orrin. Dube ni. Ni ce Nelda."

Ya dube ta da kyau, tun daga furfura har takalmi, bai yi gaggawa ba. Sai ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta yi zolaya. Ya ce, "Haba, baiwar Allah. Ai Nelda yarinya ce." Ya koma kan kwaɗinsa.

Daga baya ta durƙusa kusa da shi, ta buɗe tafukanta ta shiga kwasa. Sanyi gare su, ga sauƙi kamar ba komai a hannu. Suna kwashewa wasu na fitowa daga ruwa, waɗanda aka juye a ciyawa na dawowa, aikin ba shi da ƙarshe kuma ta san haka. Shi kuwa hira yake mata. Ya ba ta labarin ɗan birni da shebur, bai tsallake komai ba, har inda makullin ya shiga. Ya ce matarsa ta cika gishiri a nama amma ba ya gaya mata sai in yana neman faɗa. Ya ce bai san abin da ta gani a jikinsa ba. Nelda ta saurara, ba ta katse shi ba, ta ji abubuwan da bai taɓa faɗa mata a fuska ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata wuri ɗaya.

Hadari ya fara haɗuwa a kan tsauni, irin na bayan azahar ɗin nan mai tsawa. Dole a sauka. Wurin juya mota kuwa babu, sai dai a faɗa cikin ciyawa, baya kuma siririyar hanya ce tsakanin itatuwa da duwatsu har zuwa wani fili can ƙasa. Ta hau kujerar direba, ta sa ribas, ta saki kuloci. Akuya ta yi tsalle ta daki kututture. Ta gyara, ta sake, tayar baya ta hau dutse motar ta karkata. Ta kifa goshinta a kan sitiyari.

Sai ta ji ana ƙwanƙwasa gefen mota. Orrin ne, ya mai da jiƙaƙƙiyar hularsa ka.

"Kin iya bin hannu?"

Ta gyaɗa kai.

"Matata ce ta koya mini. Dokar guda ce, kada ki kalli ƙasa. Ni za ki kalla."

Ya zagaya bayan motar, ya ja da baya, ya ɗaga hannu. Ta juya wuyanta ta kafa masa ido. Yatsa dama, yafito a hankali, dunƙule. Nata ne, duk nata ne, har yadda take karkata kai in taya ta kusa baki, har yadda take cije leɓe. Dogon tsoho na tafiya da baya a cikin yayyafi, yana yi mata kwaikwayon kanta bai sani ba. Ba ta kalli ƙasa ba ko sau ɗaya, ta bi shi dutse bayan dutse har suka fito fili. Da tayoyin suka daidaita, ya kakkaɓe tafukansa kamar wanda ya gama kwaɓa fulawa, ya juya ya ba ta baya.

Ya zo ya hau gefenta, yana haki. Ta jawo bel ɗin kujera ta ɗaura masa. Yana ta waigen hanyar da suka baro, inda itatuwa suka rufe fadamar.

Ya ce, "Za ta yi ta jira. Ba ta son a makara. In kin koma ta can, ki ce mata kwaɗi ne suka tare ni, ba mantawa na yi ba."

Nelda ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ta ce, "Zan gaya mata, Tsoho. Ba za ta yi fushi ba."

Ta juya kan Akuya zuwa gangare, ta kunna abin share gilashi.